GRA ta Maiduguri: Inuwar Dogon Yaro da Labarin 'Yan Daudu

Duk baƙon da ya sauka Maiduguri ya nufi GRA, abin da zai fara cin karo da shi shi ne inuwar itatuwan dogon yaro da suka yi sahu a gefen tituna. Turawan mulki ne suka keɓe wa kansu wannan unguwa bayan an kafa Yerwa a 1907, lokacin da Shehu Abubakar Garbai ya taso daga Kukawa. Da suka tafi sai manyan ma'aikata suka gaji gidajen, musamman bayan garin ya zama hedkwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, sa'an nan ta Jihar Barno a 1976.

A wancan zamani shingen gidajen gajere ne, mai wucewa yana hangen baranda. Yau kuwa, tun daga rikicin Boko Haram na 2009, dogayen katangu da ƙofofin ƙarfe sun rufe kome. Amma ba gine-gine kaɗai suka sake kama ba. Akwai wasu mutanen da a dā ake ganinsu a fili cikin hidimar gari, yanzu kuwa sai an tona, watau 'yan daudu.

Kamar yadda yake a sauran garuruwan Arewa, ɗan daudu namiji ne mai magana da yanga irin ta mata, mai sana'ar girki. Jirgin ƙasa ya iso Maiduguri a 1964, gari ya cika da fatake da direbobi, su kuwa 'yan daudu sun saba kafa tukwanensu a tashoshin mota da bakin kasuwa. In biki ya tashi a gidan babban mutum, akan nemi gwanintarsu wajen tuwo da suyar kaji. Masu nazari suna danganta sunansu da Ɗan Galadima, ɗaya daga cikin iskokin bori. Wani Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano, ya fitar da littafi a 2009 inda ya nuna cewa da yawansu suna da mata da 'ya'ya, suna salla, suna zuwa Makka. Ba kowane ɗan daudu ke neman maza ba, ba kuma kowane mai neman maza ke daudu ba.

Ba za a ce a dā ana yaba musu ba. Malamai sun daɗe suna wa'azi a kansu, dokar Final Kot ta 1960 ma ta haramta wa namiji shigar mata a bainar jama'a. Sai dai zaman gari ya fi doka sassauci: a yi musu ba'a, a ci abincinsu, a biya su, kowa ya kama gabansa. Shi ya sa yaron da ƙauyensu ya yi masa ƙunci, inda kowa ya san uban kowa, yakan gudo birni ya sami ubangida, ya koyi sana'a.

Al'amari ya juya bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, Barno da wasu jihohi suka bi sahu. A Afirilun 2007 aka zargi wata mata a Kano, wadda ake yi wa laƙabi da sunan Maiduguri, da auren mata huɗu. Ta musanta, amma sai da ta ɓuya. A Agustan shekarar aka kama maza 18 a wani otel a Bauchi. A Janairun 2014 Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, a watan nan kuma taron jama'a ya yi ta jifar wata kotu a Bauchi, yana neman a kashe waɗanda ake tuhuma.

Abin da ya biyo baya bai tsaya ga kotu ba. Wanda a dā ake kira mai tuwo, yau wayar hannu tana iya yaɗa hotonsa gari guda kafin la'asar, mai gidan haya ya kore shi, masu ciniki su watse. Wani bincike da aka yi a Abuja, aka buga a 2015, ya nuna tsoron zuwa asibiti ya ƙaru a tsakanin irin waɗannan maza bayan dokar, alhali kuwa cuta mai karya garkuwar jiki ba ta tsayawa a gida ɗaya.

Mutanen Maiduguri sun ɗanɗani abin da ke faruwa sa'ad da wasu suka ɗauki hukunci a hannunsu da sunan gyaran jama'a. Kowane irin ra'ayi mutum yake da shi a kan daudu, hukunci na alƙali ne, ba na 'yan jifa ba. Har gobe ana ɗora tukwanen biki a bayan katangun GRA, kuma wanda ya tsuguna gaban murhu, ɗan wani ne, uban wani ne.