Gizo Ya Fi Bulala

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana malamai da iyayen yara a kan wani abu da ake rainawa, watau littattafan yara masu hotuna da ban dariya.

Ni malamin makaranta ne a wani ƙauye na ƙasar Kiru, ba nisa da Kwanar Ɗangora. Yaran ajina sun haura 60. Suna da ƙoƙari, amma akwai wata cuta gare su wadda ta daɗe tana damuna, ita ce son kai. In an kawo alli, kowa ya ce shi ne farko. In an fita shan ruwa, mai ƙarfi ya ture marar ƙarfi. Na yi faɗa har muryata ta dushe, na yi bulala har hannuna ya gaji, duk a banza.

Ran nan na shiga Kano, na sayo wani ɗan littafi mai hotuna. Tatsuniyar nan ce ta Gizo da hankaki, wadda kakanninmu suka yi mana. Ana yunwa, hankaki suka tausaya wa Gizo, kowanne ya ara masa gashi guda, ya tashi tare da su zuwa wani ɓaure a tsakiyar kogi. Da isarsu, duk ɗan ɓauren da hankaka ya nufa, sai Gizo ya ce nasa ne, shi ya fara gani. Suka ƙyale shi ya cika ciki har barci ya kwashe shi, sa'an nan kowa ya zare gashinsa, suka yi tafiyarsu. Gogan naka ya farka, ya yi tsalle zai tashi, sai tsundum cikin ruwa.

Da na karanta musu, na ɗaga hoton Gizo da ƙaton ciki yana faɗawa kogi, ajin ya kece da dariya. To, littafi ɗaya ne, yara da yawa. Na ce kowane benci ya duba, in an gama ya miƙa wa na baya. Da ya zo hannun wani yaro, wanda ya fi kowa girma a ajin, sai ya rungume shi ya ƙi saki. Ina shirin ɗaukar bulala, sai wata 'yar ƙaramar yarinya ta ce, "Malam, a zare masa gashinsa!" Aka sāke fashewa da dariya, har shi kansa. Ya miƙa littafin ba wanda ya taɓa shi. Tun daga ranar, in wani ya tsallake layi a bakin famfo, abokansa ke kiransa Gizo, shi ke nan ya koma baya.

Amma fa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Da na koma gida sai na tuna akwai waɗansu littattafai masu hotuna da aka taɓa kawo wa makarantarmu. Ni da kaina na kulle su a kabad, wai kada yara su yayyaga. Da na buɗe, na tarar gara ta cinye kusan rabinsu. Ashe babban Gizon ajin ni ne: ban ci ba, ban bar masu ci sun ci ba. Waɗanda suka tsira yanzu suna yawo hannu zuwa hannu. Sun yi dauɗa, gefensu ya lanƙwashe, amma ana karanta su.

Na san wani zai ce tatsuniya ƙarya ce, ɓata lokaci ce. Ai yaro ma ya san gizo ba ya tashi da gashin aro. Abin da ya gane shi ne halin, kuma ya gane shi ba tare da an ci masa fuska ba. In ka ce masa, "Kai mai son kai ne," sai ya ɗaure fuska ya yi musu. In ya yi wa Gizo dariya kuwa, ya riga ya yanke wa kansa hukunci.

Magabata sun san haka. Frank Edgar ya tattara tatsuniyoyinmu cikin littafi 3 tsakanin 1911 da 1913. Alhaji Abubakar Imam ya fito da Magana Jari Ce a 1937, ya cusa hikima cikin ban dariya. Ibrahim Yaro Yahaya ya fito da Tatsuniyoyi da Wasanni a 1971. Sai dai yawancin waɗannan sai wanda karatunsa ya nuna. Ɗan shekara 6 yana bukatar hoto babba da magana kaɗan.

Jama'a, kada a ɗauka wannan wasan yara ne kawai. Zamanmu duka a kan jiran lokaci ya tsayu. Adashi ba ya yiwuwa sai kowa ya yarda wani ya riga shi kwasa. Gayya yau gonarka, gobe gonar maƙwabcinka. Ruwan madatsar Tiga ta ƙasar Bebeji, wadda aka gama a 1974, in manomin da ke sama ya tare shi, shukar na ƙasa ta bushe. Yaron da ya ƙi sakin littafi yau, shi ne zai ƙi sakin ruwa gobe. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka ina kira ga masu rubutu da masu zane, su yi mana irin waɗannan littattafai da Hausa, da abin da yaranmu suka sani: biran dajin Falgore suna rigima a kan kanya guda, ko jakai biyu a ƙuntatacciyar gada a hanyar Doguwa, ko yaran Tudun Wada suna jiran hawan keke ɗaya. A yi su da araha yadda talaka zai iya saye. Mu kuma malamai, wanda duk ke da littafi a kulle, ya buɗe kabad tun gara ba ta riga yara ba.

Allah ya shirya mana zuriya, amin. Haza wassalam.

Naka,
Wani Malamin Makaranta,
Ƙasar Kiru.