Jan Biro a Kan Sakkwatanci

Wani ɗalibi Basakkwace ya karɓi takardar insha'insa ta farko a jami'a, ya tarar ta yi jawur, kai ka ce an yanka zakara a kanta. Duk inda ya rubuta "shina" an mayar "yana", "biyat" kuwa ta koma "biyar". A gefe malam ya rubuta: "Bi ƙa'ida."

Malam bai yi zalunci ba. Daidaitacciyar Hausa, wadda ta fi jingina da Kananci, ita ce bakin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yi amfani da shi tun fitowarta a 1939, kuma wanda zai koyar gobe tilas ya iya ta.

Amma fa shafi huɗu yaron ya cika yana kafa hujja cewa waƙoƙin Hausa na Nana Asma'u da bakin garinsu aka tsara su, wanda duk ya Kanantar da su ya karya musu kari. Ko hujjar ta tsaya ko ta faɗi, jan biro bai ce uffan ba. Yaron ya juya bayan takardar, ya gan ta fara fat.

Insha'insa na biyu ya zo babu kuskure ko ɗaya: rabin shafi, a kan amfanin ruwan sama.