Daren Juma'a a Wudil: abin da tsohon yaron fatoma ya koya game da baƙo

Wudil gari ne na baƙi. Titin da ya tashi daga Kano ya nufi Maiduguri ta kan gadar garin yake bi, haka mai zuwa Gaya ko Dutse. Ranar Juma'a kasuwa ke ci, kuma karar Wudil tana cikin manyan kasuwannin shanu na Arewa. Tun yammacin Alhamis motoci ke fara sauke dabbobi, wasu daga Maigatari da ta ci a ranar, wasu daga nesa, tireloli kuma na jere suna jiran lodin Legas da Fatakwal da Anaca. Ga jami'ar kimiyya da fasaha da ta buɗe a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Dangote a 2022. Ga makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda, inda iyaye daga kowace jiha ke rako 'ya'yansu. Duk wannan jama'a sai ta kwanta a wani wuri. Inda za ta kwanta, da nawa, da kuma wanda zai amsa in wani abu ya faru, a nan wani dattijo na Sabon Garin Wudil ya ƙarar da ƙuruciyarsa da ƙarfinsa.

Baba kawai mutanen unguwa ke ce masa. Ya shiga harkar saukar baƙi yana yaro, a gidan wani fatoman shanu, tun ana kashe fam da sule, kafin naira ta zo a 1973. Daga baya ya yi aikin otal a Kano, sannan ya dawo gida ya riƙe ɗan masauki mai 'yan ɗakuna, har ƙafa ta fara ba shi wahala ya miƙa wa yara makullai. Ya ga sana'ar ta fuska uku ke nan, kuma ba ya yarda a ce ɗaya daga ciki ta gama sanin baƙo.

A gidan fatoma aikinsa shi ne share zaure, shimfiɗa tabarmi, cika randa da butoci, da ɗauko akushin tuwo daga cikin gida bayan isha'i. Baƙo zai iso da ƙura har gira. Maigidan ya tare shi: "Sannu da zuwa, Alhaji. Ya hanya? Ya aka baro mutan gida?" Sai ruwa, sai sallah, sai abinci. Babu mai tayar da maganar kuɗin kwana. Can in dare ya raba, baƙon ya kwance lalitarsa daga ƙugu, a ƙirga kuɗin a gaban mutum biyu da hasken aci-balbal, a ɗaure su cikin ƙyalle, maigidan ya shiga da su turakarsa. Ba takarda, ba sa hannu. Da safe a miƙa masa ƙullinsa yadda ya ɗaure shi.

Kwanan da tuwon su ne ƙaramin aikin. Fatoma shi ke haɗa baƙo da dillali. Shi ke tafinta tsakanin Bafulatanin da ya koro shanu da mahaucin da ya zo daga Kudu. In an sayi dabba bashi, shi ke tsayawa. In wani ya taso ya ce saniyar nan tasa ce aka sace, ƙofar fatoma za a buga, ba ta baƙo ba. Abin da yake samu kuwa la'ada ce a kan kowane kai da aka sayar. Wannan tsari ba na Wudil kaɗai ba ne. Da shi fataken goro suka yi ta kai da kawo tsakanin Kano da Gwanja, kuma shi ne ƙashin bayan zangunan Hausawa a Kumasi da Akara. Wani masani daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a Sabo ta Badun ya rubuta littafi a 1969 a kan yadda masu gidajen Hausawa ke saukar da fataken shanu, suna lamunce wa mahautan Yarabawa bashi da sunansu kaɗai.

Abin da Baba ya ɗauka daga nan shi ne, masaukin fatoma bai taɓa zama kyauta ba, ko da yake mutane na son faɗin haka idan suna begen zamanin da. Ana biya, amma ta hanyar da ta ɗaure cin abincin maigida da cin nasarar baƙo. Baƙo ya yi ciniki, maigida ya samu. Baƙo ya faɗi, maigida ya yi asarar tuwonsa. Saboda haka dole ya damu da lafiyar mutumin, da dabbobinsa, da kuɗinsa. Kuma bai ɓoye gurɓatattun ciki ba: akwai fatoman da ke haɗa baki da dillali a karya wa baƙo farashi, akwai zauren da mutum goma ke kwana sauro na cinsu, kuma mace ba ta da gurbi a wannan tsari sai dai a shigar da ita cikin gida wajen matan maigida.

Zuwansa Kano ya zo daidai da zamanin da jihar ke gina manyan otal. Gwamnatin Audu Bako, wadda ta yi mulki daga 1967 zuwa 1975, ita ta kawo Daula a cikin gari, da otal ɗin tafkin Bagauda, da Rock Castle a Tiga. Central Hotel kuma tana kan titin Bompai. A ɗaya daga otal-otal na birnin ya samu aikin gyaran ɗaki, ya ga wata duniya dabam: ɗaki da lamba, makulli da marataya, littafin rajista, zanen gado da ake cirewa ko da baƙo bai ɓata shi ba, da dokar ƙarfe sha biyun rana, wadda in ta wuce an shiga wani kwanan. Akwai ɗaki mai ƙaramin gado na mutum ɗaya, akwai mai babban gado ko gado biyu, akwai ciki da falo na manya. Kowanne da kuɗinsa a rubuce.

Abu biyu ya ce otal ta koya masa waɗanda zaure bai sani ba. Na farko tsafta bisa ƙa'ida, wadda ba ta jiran sai an ga datti. Na biyu sirri. Ba a shiga ɗakin baƙo sai an ƙwanƙwasa, ba a gaya wa wani lambar ɗakinsa, ba a kai labarin wanda ya ziyarce shi majalisa. Amma ya ga abin da aka rasa. Mutum zai kwana da zazzaɓi a bayan ƙofa, ba wanda ya sani, tunda ya riga ya biya. Da ƙarfe sha biyu ya yi, alaƙa ta yanke.

Ƙarshen waɗancan manyan gine-gine yana ba shi takaici. Bagauda ta koma makarantar horar da lauyoyi. Daula ta daɗe da daina karɓar baƙi, kuma a 2023 aka rushe gine-ginen da aka yi a filinta. A ganinsa gini ba ya riƙe otal. Famfon da aka gyara ran da ya lalace shi ke riƙe ta.

Idan aka zo maganar farashi, nan Baba ya fi zafi, domin nan ne aka fi cutar baƙo, nan ne kuma aka fi zargin mai masauki a kan abin da ba laifinsa ba. Ya ce wanda ya biya kuɗin ɗaki a yau, kuɗin wuta ya biya. Gado da katifa an saye su tun tuni. Abin da ke cin kuɗi kowane dare shi ne man janareta, da tura ruwa sama daga rijiyar burtsatse, da wanki, da albashin maigadi. Shi ya sa ɗaki mai fanka da mai na'urar sanyaya ɗaki ke da tazara mai yawa ko da girmansu ɗaya. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, ƙananan masaukai da ke dogaro da ƙaramin inji suka shiga uku: ko su ƙara kuɗi, ko su rage awannin wuta, ko su lallaɓa su sa sola. Ga kuma abin da mai saye ba ya lissafawa. Ɗaki ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu a jira tsada. Daren da ya wuce ba kowa a ciki ya tafi ke nan. Don haka ranar Litinin za a yi maka ragi, daren Juma'a kuwa ba za a saurare ka ba.

Bai ga laifin wannan ba. Abin da ya kira cuta shi ne ɓoye magana. A gaya wa mutum kuɗi tun a bakin ƙofa, kafin ya sauke jaka. A gaya masa ƙarfe nawa ake tayar da inji, ƙarfe nawa ake kashewa. In akwai kuɗin ajiya da za a mayar masa in bai fasa komai ba, a rubuta a rasit. A manyan otal na birni akwai harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari a 2020, wasu kuma suna ɗora kuɗin hidima. Baƙo ya tambaya ko suna cikin abin da aka faɗa masa, ya tambaya ko da karin kumallo. Wanda kuma ya ga iyaye sun cika gari lokacin tantance masu shiga makarantar 'yan sanda ko bikin yaye ɗalibai ya ninka kuɗi don ya san ba su da mafita, Baba ya ce ya ci na mako guda ya zubar da na shekara, domin waɗannan iyaye za su dawo, kuma suna da baki.

Ga matafiyi, yana da shawarar da yake maimaita wa jikokinsa: kada ka biya sai ka ga ɗakin. Shi da kansa in ya shiga, ba ya kallon labule ko talabijin. Gefen katifa yake ɗagawa ya bi ɗinkin da yatsa, nan kuɗin cizo ke ɓuya, kuma ko ba a gan su ba, ɗigon baƙi-baƙi na tona asirinsu. Sai banɗaki: ya murɗa famfo ya tsaya ya ga ruwa ya zubo, ya duba bokiti da buta. Sai ƙofa: makulli kaɗai bai isa ba, sai da sakata ta ciki. Sai taga, ko ragarta a yage take, domin garin da ke bakin kogi ba a yi masa wasa da sauro da damina. Da hunturu ya tambayi ruwan zafi. Ya nemi a nuna masa alƙibla. Daga ƙarshe ya leƙa ya ga fuskar maigadi, ya gaishe shi, don shi ne mutumin da zai kwana ido biyu saboda kai.

Littafin rajista da katin shaida, da yawa na jin haushinsu, shi kuwa yana goyon baya. Fatoma ya san uban baƙonsa da rugarsu. Mai masaukin yau bai san kowa ba, ga satar shanu da garkuwa da mutane sun sa kowa a tsorace. Kati shi ne ɗan abin da ya rage na wancan sani. Amma bai ɗauke shi madadin hankali ba. A farkon 2023, lokacin sauyin takardun naira, ya ga manyan 'yan kasuwa da kuɗi jibge a banki ba su da na kwana a hannu, tiransifa ta ƙi tafiya, na'urar POS ta ƙi aiki. Yaransa suka tsaya kan ƙa'ida. Shi ya ce a kira dillalin da kowane baƙo ya zo wajensa. In dillalin ya ce ya san shi, a ba shi makulli. A cewarsa, da kasuwa ta watse kowa ya zo ya biya. Dabarar zauren da ya share yana yaro ce ta fitar da su a wannan mako.

Akwai abu ɗaya da ya ce sana'ar ba ta gyara ba har yau, kuma gaskiyarsa. A ƙasar Hausa an daɗe ana kallon otal a matsayin wurin giya da badala, kuma wasu wuraren su suka jawo wa kansu. Tun da Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, aka kuma kafa Hukumar Hisbah a 2003, ana sa ido. Sai dai zargin ya fi sauka a kan wadda ba ta ji ba ta gani ba. Uwa ta taso daga Yola ko Lakwaja ta zo duba 'yarta a jami'a, dare ya yi mata, ta tsaya gaban tebur ana yi mata kallon tuhuma, ko a ce ba ɗaki alhali akwai. Hausawa na cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma wannan baiwar Allah ba ta samu ko ɗaya ba. A nasa masaukin, in mace ta zo ita kaɗai, "Hajiya, sannu da hanya" ake fara ce mata, a ba ta ɗakin da ya fi kusa da haske, a sa mace ta kai mata ruwa. Matan gidan fatoma abin da suke yi ke nan, bai ƙirƙiro komai ba.

Yau baƙi da yawa masu hali ba sa kwana a Wudil. Su gama abin da ya kawo su, su kama hanyar Kano da dare, tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai a titin da manyan motoci ba sa ɗaukewa, su kai kuɗin kwanansu da na abincinsu can. Mai shayi da mai kifi da mai wanki na Sabon Gari su ne ke asarar. Kiran Baba ga attajiran garin da shugabannin kara shi ne su daina raina wannan sana'a. Ba bene mai hawa biyar ake nema ba. Ɗakuna masu tsafta ake nema, da ruwa a famfo, da farashi a rubuce a bango, da ɓangaren mata da iyali, da kuma mutum a bakin ƙofa wanda in an zo neman baƙo zai miƙe ya ce baƙonsa ne. Masu kuɗin Wudil su sa hannu a aljihu su gina.