Wasiƙa Daga Ingila Game da Lalurar Jaririnmu

Zuwa ga Yayana abin girmamawa,

Labari ya iske ni cewa ana ta faɗi a unguwa wai mayu ne suka kama jaririnmu tun yana ciki, wasu kuma wai uwarsa ce ta riƙa fita da almuru tana da juna biyu. Saboda haka na ga ya wajaba in warware maka haƙiƙanin al'amarin, domin ka karanta wa Inna a tsanake.

Abin da Allah Ya ƙaddara shi ne, an haifi yaron da naƙasun tsokar bangon ciki, har fatar cikin ta yamutse kamar busasshiyar ɗinya, mafitsararsa da hanyoyin da ke sauko da fitsari daga ƙoda sun buɗe fiye da kima, 'ya'yan marainansa kuma ba su sauko ba. Waɗannan alamomi uku su ne lalurar da likitoci biyu, Eagle da Barrett, suka yi sharhinta a 1950, wadda ke samun jariri ɗaya cikin kimanin 40,000, kusan dukansu maza. Su kansu malaman asibitin, da dukan na'urorinsu, ba su yi ittifaƙi kan musabbabinta ba, balle a ɗora wa baiwar Allah laifi.

Ƙoda ita ce abin tsoro, shi ya sa kullum ake ba shi maganin rigakafin ciwon fitsari, ana kuma auna jininsa a kai a kai. Aikin sauko da marainan za a fara yi, gyaran cikin sai ya ƙara ƙwari. Don girman Allah kada a aiko da jiƙo ko saiwa, domin ƙodarsa ba za ta ɗauka ba, addu'a dai muke bara. Matarka kuma, tun da ta samu rabo, ka tsaya ta je awo a yi mata hoton ciki, gama ta nan aka hango lalurar yaronmu tun cikin yana wata biyar.

Masu cewa magani kyauta ne a nan su sani fam 1,035 na biya wa kowannenmu na shekara guda kafin a ba mu biza, ko da yake a ƙofar asibiti ba wanda ya tambaye ni sisi. Kuɗin ɗumama ɗaki ne ke cin albashina, tun da tari yana yi wa yaron wuya, ga sanyi mai ratsa ƙashi.

Mai jego ta yi kukan rashin wanka da kunun kanwa. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda 'ya'yanta ba sa leƙo ta sai da Kirsimeti, subhanallahi, ita ta saƙa wa yaron hula ta kawo da kanta, tana dogara sanda.

Na gode da ragon suna da ka yanka a madadina. Ka gaishe da Inna da kyau.

Wassalam,
Ƙaninka.