Mashin Kaka da Kalmar "Lance"

Wani ɗalibi a Damagaram ya daɗe yana zaton kalmar Faransanci "lance" ba ta da fassara sai "mashi". Ranar da aka ba shi aikin fassara wani bayani na ƴan kwana-kwana, sai ya rubuta cewa ma'aikatan sun ɗauki mashi sun tunkari gobara. Ƴan ajin suka kwashe da dariya, domin abin da ake nufi shi ne bakin tiyon da ke feso ruwa. A wata jimlar kuma kalmar aikatau ce, "il lance", wato yana jefawa, ko yana ƙaddamar da wani aiki. Siffa ɗaya ta ɗauki ma'ana uku, shi kuwa ya tare su duka da kalma guda.

Da ya koma gida ya ba kakansa labari, yana nuna wani tsohon makami da ke jingine a zaure, ya ce: "Kaka, ai ko a aji an yarda wannan mashi ne." Tsohon ya yi murmushi ya ce: "Kai ɗan boko, nan ma ka faɗi. Ɗaga shi ka ji." Nauyinsa ya ba yaron mamaki. Asigiri ne, ƙarfe tun daga tsini har gindi, irin wanda barade kan riƙe a kan doki. Mashi sunan jinsin ne gaba ɗaya, galibi mai sandar icce da kan ƙarfe, ana jifa da shi, ana kuma suka.

Kunyar aji ba ta kai ta zaure zafi ba. A aji baƙon harshe ne ya kayar da shi, a zaure kuwa nasa ne.

Daga nan ya soma bin kalmar a tsanake. Ya gano cewa jam'in mashi shi ne "masu", domin saiwar ita ce mas-, kuma "s" kan koma "sh" a gaban wasalin "i", kamar yadda gasa ke ba da gashi. A rubutun yau da kullum wannan "masu" ta yi kama da ta "masu gida", amma a baki sun rabu: ta makami karinta sama-sama da dogon wasalin ƙarshe, ɗayar kuwa da karin ƙasa take farawa. Wanda bai san haka ba zai rikice idan ya karanta "tagwayen masu", waɗanda ke cikin kayan sarautar Kano.

Kakan ya rasu bayan damina biyu. Asigirin na nan a zaure, kuma a duk gidan wannan ɗalibi ne kaɗai ya san sunansa. Duk ƙanen da ya kira shi mashi, sai ya ce masa ya ɗaga ya ji.