Hoto Ma Malami Ne

Yaro ya kan karanta hoto tun bai san baƙi ba. Mu malamai mun san haka, gama idan muka raba takardar darasi a aji, idanun yara su kan faɗa kan zane tukuna, sa'an nan rubutu. Gani ya kori ji. Saboda haka ba mu ɗaukar gyaran hoto wasa.

A dā mai shirya mujalla ya kan sayi littafin shiryayyun zane-zane, ya yanko wanda ya ke so da almakashi, ya manna a shafi da gam. A shekara ta 1985 kamfanin Aldus na Amurka ya fito da PageMaker, sai aikin almakashi da gam ya koma cikin kwamfuta. CorelDRAW ya biyo baya a 1989, Microsoft Publisher kuma a 1991. Yau malami yana iya shirya shafinsa da kansa, ba sai ya je maɗaba'a ba.

Amma fa da yawa daga cikin zanen nan a ƙasashen sanyi aka yi su, domin yaran can. In mun nemi manomi, sai a ba mu mutum a gaban ƙaton rumbun katako mai jan fenti. In mun nemi watan Disamba, sai ga gida ƙanƙara ta lulluɓe shi, alhali mu hazo da ƙura muka sani. Yaron da ubansa ke noman gero da fartanya ya duba, bai ga gidansu ba. In haka ta yi ta faruwa, a hankali sai ya ɗauka karatu na waɗansu ne, shi ɗan kallo ne kawai. Abin da mu ke tsoro ke nan. Kayan aro ba ya rufe katara, sai an gyara.

Ga yadda mu kan yi. Hotunan iri biyu ne. Na fari, irin su JPEG da PNG, da ƙananan ɗigogi aka gina su. In an ƙara masu girma da yawa sai su dushe, amma muna iya datse gefen da ba mu so. Na biyu, irin su SVG da WMF, zanen layi ne, gunduwa-gunduwa a ɗaure kamar tsintsiya. Mu kan kwance ɗaurin, mu fid da jan rumbun, mu sāke launin riga da na fata, sa'an nan mu sāke ɗaurewa. Wajen ƙara girma kuwa, daga kusurwa mu kan ja, gama in an ja daga gefe ɗaya sai jaki ya miƙe ya zama kamar raƙumin dawa. In takardar za ta bi ta injin kwafi mai baƙi da fari, mu kan cire launi duka mu bar layi, yara su shafa nasu launin da kansu. Tawada ma ta yi auki. Hoto ɗaya mai kyau ya ishi shafi.

Akwai kuma batun izini. A 2014 Microsoft ya rufe rumbunsa na zane-zane, mutane suka koma nema a intanet. Ba duk abin da ido ya gani a can ne na kowa ba. Openclipart, wanda aka fara a 2004, ya bar zanensa kyauta ga kowa, Inkscape kuma kayan gyara ne na kyauta. Wanda ke koya wa yara kada su taɓa kayan wani, ai shi ya kamata ya fara kiyayewa.

Ya ku iyaye, in yaro ya kawo takarda daga makaranta, ku zauna da shi ku tambaye shi abin da ya gani a hoton. Amsarsa za ta gaya maku ko darasin ya shiga.