Wutar da hannu ba ya ji

A Dakoro, kimanin kilomita 120 arewa da Maraɗi, idan ƙarfe guda ya karye a injin niƙa ko a famfon rijiya, sai a tsaya jiran motar Maraɗi, wani lokacin ma ta Kano, mata kuma su koma turmi. Wannan ne ya sa wani tsohon mai gyaran rediyo, wanda salula ta kashe wa kasuwa, ya sayi ƙaramin injin sassaƙar ƙarfe, wanda makanikai ke ce wa tur. Burinsa shi ne ya riƙa yanka zaren ƙusa da na bututu a nan gida, ƙaramin allon kwamfuta na jan wuƙar.

To, allon ba ya yanka zare sai ya san inda sandar injin take a kowane juyi. Aikin ankodar ke nan: faifai ne mai tsaga 600, haske na ratsa tsagogin, kowace tsaga ta aika bugu ɗaya ta wayoyi biyu, A da B. Wadda ta riga ƴar'uwarta bugawa ita ke nuna ɓangaren da sandar ke juyawa.

A jikin ankodar an rubuta volt 5 zuwa 24. Shi kuwa yana da 24 a hannu, daga batir biyu na hasken rana da ya jera. Amma allonsa, ESP32, da volt 3,3 yake aiki, kuma abin da ya wuce 3,6 na iya halaka shi. A nan haɗarin yake. Kowa na tsoron volt 220 na NIGELEC, domin yana kayar da ƙato. Volt 24 kuwa busasshen hannu ba ya ko jin sa, sai dai allon ya mutu shiru, ba hayaƙi, ba wari, mai shi ya kwana uku yana zargin waya.

Dattijon bai jona kome ba tukuna. Ya ba ankodar wuta ita kaɗai, ya ɗora mitar awo a kan wayar A, ya juya sandar da hannu sannu a hankali. Irin wannan ankodar, bisa ƙa'ida, ja kawai take yi zuwa ƙasa, sai mai aiki ya ɗaga wayar da rezistans zuwa 3,3. Amma wasu masana'antu sukan saka nasu rezistans a ciki, su ɗaure shi da wutar da ke shigowa. Mitarsa ta haura kusan 24. Takardar da ta zo cikin kwalin, da rubutun Sin take. Ƴan kasuwar da ke ɗauko irin kayan nan su sani, takarda mai karantuwa rabin hajar ce.

Mafita ita ce ƙaramin abin nan mai ƙafa huɗu, PC817, wanda ake samu cikin matattun caja da talabijin. Fitila ce a gefe guda, ido a ɗaya gefen. Haske ke tsallakawa, wuta ba ta tsallakawa. Ya sa rezistans na om 2.200 mai rabin wat gaban fitilar, don kada abin da ke bi ta cikinta ya wuce miliampa 10 da kaɗan. Bai haɗa wayar ƙasa ta batir da ta allon ba, domin haɗa su ya rushe katangar da ya gina. Wayar ankodar kuma ya nisanta ta da ta mota.

Saura lissafi. Tsaga 600 a juyi 1.500 cikin minti, bugu 15.000 ke nan a daƙiƙa, kuma PC817 nawa gare shi. In ya tsallake ƙidaya, zare ya karkace, ƙarfen mai niƙa ya tashi a banza. Ya ba wani falke saƙon 6N137, mai saurin gaske, daga kasuwar Sabon Gari ta Kano. Kafin saƙon ya iso, ya sauke injin zuwa juyi 300, wato bugu 3.000, wanda dama da irin wannan tafiyar ake yanka zare. Da haka ya yanka zaren sandar injin niƙa na unguwarsu, noti ya hau har ƙarshe da yatsu biyu.